Sandar da Ba Ta Juyawa

Litinin, 1 ga Satumba

Ashe ba gudu take zuwa yi ba.

Tun farkon shekara Auta take fita da yamma da jaka a kafaɗa, ta ce, "Baba, na tafi motsa jiki." Ni kuma na ɗauka irin zagaye filin nan ne da 'yan kwalejinsu suke yi. Yau muna cin abinci ta ajiye cokali ta ce tana da magana. Ɗaga ƙarfe take yi. Ɗaga ƙarfe! Wai akwai wani ɗakin wasanni a bayan kwalejin, akwai mai koyar da su da suke kira Koci, kuma a ƙarshen Nuwamba za a zaɓi 'yan mata biyu da za su wakilci yankinmu. Wai Kocin ya ce tana cikin waɗanda ake sa wa rai.

Na dubi mamarta. Ta sunkuyar da kai tana tsintar abin da babu a faranti. Ta sani kenan.

Kusan shekara talatin ina walda. Ƙarfe ya ƙone ni, ya yanke ni, ya tanƙwara mini baya. Na sa yarinyar nan a makaranta don kada ta taɓa ɗaukar abin da ya fi biro nauyi. Ita kuma ta tsallake komai na duniya ta je ta rungumo ƙarfe. Ba gini za a yi da shi ba, ba ƙofa ba. A ɗaga, a ajiye. Me aka yi kenan?

Na tura farantina na tashi.

Laraba, 3 ga Satumba

Na ce a'a. Wurin ƙattai ne, ga yamma, ga wani Koci da ban san asalinsa ba. Ta ce, "To, Baba." Shi ke nan. Na shirya amsoshi da yawa, ba ta ba ni inda zan yi amfani da ko ɗaya ba.

Juma'a, 5 ga Satumba

Gidan ya yi tsit. Ta dawo daga kwaleji, ta yi wanke-wanke, ta shige ɗaki. Da fushi take nunawa ma da sauƙi.

Na gaya wa Mai Faci, maƙwabcina a shago. Ya yi dariya har tayar da ke hannunsa ta kuɓuce ta gangara titi. Da ya kamo ta ya ce, "Injiniya, kai da ƙarfe ke yi wa biyayya? Ka ƙera mata nata a gida mana. Ta ɗaga a tsakar gida kana kallo, ba Koci ba ƙattai."

Wani lokaci mutumin nan yana faɗin abin hankali ba da saninsa ba.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na gama. Shaf ɗin wata babbar mota, dogon ƙarfen nan da ke juya taya, na samo a wurin masu tsohon ƙarfe, na miƙe shi, na yanke. Na duba a waya an ce sandar ɗaga nauyi kilo ashirin ce, na yi ta rage shi har sikeli ya tsaya daidai. Inda hannu zai kama na yi masa kaushi da garanda. Kai biyun na zura musu bututu mai kauri inda faya-fayan nauyi za su shiga, na kashe su da walda zagaye biyu. Faya-fayan kuma na birki ne, na gyara ramukansu. Fenti baƙi.

Wallahi ta yi kyau. Har wani mai wucewa ya tsaya yana tambaya.

Talata, 9 ga Satumba

Na kai mata. Ta durƙusa ta shafa sandar daga wannan kai zuwa wancan. Sai ta kama bututun ƙarshen tana son ta murɗa shi.

"Baba, nan ba ya juyawa?"

Na ce me zai juya, ai ko mota aka ɗaura masa ba zai motsa ba. Sai ta ce ta mata kilo sha biyar ce, kuma ta fi wannan siranta. Na ce to ai da ma nauyi za ki ƙara mata, ki ɗauka kin riga kin ƙara biyar.

"Na gode, Baba. Ta yi kyau."

Har da ta mata da ta maza? Sanda ce fa, ba takalmi ba.

Asabar, 13 ga Satumba

Tana amfani da ita. Na leƙa ta taga. Ta ja daga ƙasa zuwa cinya ta ajiye, ko ta ɗora a baya ta tsuguna ta tashi. Nauyin da take tashi da shi, ni kaina sai na yi tunani kafin in taɓa. Yaushe Auta ta zama haka a gidana ban gani ba?

Amma ba ta kai ta sama da kai irin yadda na gani a waya. Ko ba ta iya ba ne.

Litinin, 15 ga Satumba

Bari in rubuta abin da ya faru.

Jiya da yamma Mai Faci ya biyo ni gida don ya ga sandar. Auta tana tsakar gida tana atisaye. Na ce ta nuna masa wannan da suke kira fizga, wanda ake ɗauke sanda daga ƙasa a kai ta saman kai a tashi ɗaya. Ta ce, "Baba, wannan sandar ba ta fizga ba ce."

Mai Faci ya ƙyalƙyale. "Injiniya, an raina aikinka a gidanka."

Wasa yake yi, na sani. Amma abin ya soke ni. Na ce sandar ce ta gaya miki ba ta so? Na gwada ta, ba za ta karye ba. Mamarta daga ƙofar kicin ta ce, "Malam, ka bar ta mana." Auta ta sake cewa, a hankali, "Ba karyewa ba ce, Baba." Na ce to gwada mu gani.

Ta dube ni. Ta rage faya-fayan, ta goge tafin hannu a wando, ta sunkuya.

Ban taɓa ganin abu mai sauri haka ba. Sandar ta tashi kamar ba ta da nauyi, ita kuma ta faɗa ƙarƙashinta. Sai na ji wani ɗan ƙas, kamar an taka busasshen kara. Sandar ta faɗi ta bayanta ta fasa bokiti. Ta zauna a ƙasa riƙe da wuyan hannunta na dama. Ba ta yi kuka ba. Leɓenta kawai ya yi fari.

A asibiti sun ɗauki hoto. Wani ɗan ƙashi ne a wuyan hannun ya tsage. Sun ɗaure shi da filasta mai tauri har kusa da gwiwar hannu. Wata biyu, ko kusa da haka. Da likita ya tambayi yadda aka yi, ta ce, "Ni ce ban riƙe da kyau ba."

Yau da safe na juya sandar nan ciki da waje. Waldar tana nan daram. Ba ta lanƙwashe ba, ba ta tsage ba, ko fentin bai ɓare ba sai wuri ɗaya. Babu abin da ya lalace a aikina. To me ya karya mini 'ya?

Alhamis, 18 ga Satumba

Mamar Auta ta ajiye mini shayi ba ta dube ni ba. Ta kai bakin ƙofa ta ce, "Ta gaya maka. Har sau biyu ta gaya maka." Ta fita.

Mai Faci ya zo duba Auta, ya kasa shiga, ya tsaya a waje yana murza hula.

Asabar, 20 ga Satumba

Koci ta zo dubiya. TA zo. Mace ce! Gajera, ta ba arba'in baya, da furfura a gefen kai. Mamar Auta ta ce tun ranar farko yarinyar "ta ce, ta ce" take faɗa, ni ne kunnena yake wani wuri.

Na shirya za ta yi mini faɗa. Ba ta yi ba. Ta jima a ɗaki da Auta, ta fito ta ce, "Baban Auta, ina sandar?" Na nuna mata. Ta ɗaga ta da hannu ɗaya ta tsayar, ta bi waldar da yatsa, ta ce, "Wannan hannun ya san aiki." Ta kama kan sandar ta murɗa, irin yadda Auta ta yi. Ta yi ajiyar zuciya.

Na ce don Allah ta gaya mini me ke damun kowa da wannan wurin.

Ta ce, "Da baki ba zai shiga ba. Ka zo ka gani."

Tafin hannunta ya fi nawa kanta. Na gani lokacin da ta karɓi kofi.

Talata, 23 ga Satumba

Na je. Na rufe shago da wuri, na ce wa Mai Faci zan je duba wani aiki.

Ɗaki ne babba mai rufin kwano, ƙasan an shimfiɗa roba mai kauri, ko'ina farar hodar da suke shafawa a hannu. Lokacin 'yan mata ne, namiji ɗaya ne a wurin, shi ne ni. Suka gaishe ni suna kallon ƙasa. Sun sani kenan.

A jikin bango sanduna ne a jere. A idona duk ɗaya. Koci ta fara ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma kaina ya fara cika. Bari in rubuta abin da na riƙe, in ma na riƙe daidai.

Ta maza, kilo ashirin, doguwa. Ta mata, sha biyar, ta fi gajarta, ta fi siranta don yatsu su zagaye ta sosai. Waɗannan biyun na masu fizga ne. Sai wata, ita ma kilo ashirin, tsawon ma ɗaya, na ce to wannan ta mazan ce. A'a. Wai wannan ta masu ɗagawa a hankali ce, ta fi kauri kaɗan, ba ta lanƙwasa, kaushinta kamar zarto, har a tsakiya akwai kaushi don ta kama riga in an ɗora ta a baya. Na fito da ma'aunina na gwada kaurinsu. Bambancin bai fi kaurin farce ba. Saboda kaurin farce aka yi sanda biyu?

Sai wata kuma ta ja daga ƙasa kawai, ta fi duka tsawo, kuma wai da gangan aka yi ta tana lanƙwasa. Da gangan! Duk rayuwata in ƙarfe ya lanƙwasa a ƙarƙashin kaya, na banza ne, a mayar wa mai shi. Nan kuma ana yabonsa. Ta ce har ta fizgar ma ana so ta ɗan yi tsalle, ta lanƙwasa ta dawo, mai ɗagawa ya hau kan dawowar. Ban gane ba. Na gyaɗa kai.

Na hango wata gajera a kwana, duk ta karkace kamar maciji ya bi yashi. Na ce wa ya taka wannan da mota, a ba ni in miƙe ta. 'Yan matan suka toshe baki. Haka aka ƙera ta. Ta motsa dantse ce. Akwai ma wata mai kusurwa shida da mutum ke shiga tsakiyarta ya tsaya kamar an kafa masa shinge. Ita ma sunanta sanda.

A ƙarshe ta ɗora ta matan a kan maɗori, ƙarfen da ake ajiye sanda a kai, ta sa yatsa ɗaya ta buga kanta. Ya kama juyawa. Shiru, ba ƙara. Tana magana yana juyawa. Boris ne a ciki, irin wanda ke sa taya juyawa. Abin da na tsinta a maganarta: "Faifai in ya tashi da gudu yana da inda yake son zuwa. Hannu kuma yana son ya juya sanda ya shiga ƙarƙashi. In kan a sake yake, kowa ya yi nasa. In a kashe yake, wuyan hannu ne a tsakiya."

Ta gama magana, abin yana ta juyawa. Ni na kashe nawa da walda. Zagaye biyu, don kada ya motsa.

Laraba, 24 ga Satumba

Da kowa ya fita na sa wa tawa faya-fayai ƙanana, na gwada watso ta zuwa kafaɗa da sauri. Ta murɗe mini hannu kamar sitiyarin mota ya faɗa rami. Ni da ƙashina ya tsufa a aiki, har yanzu wurin yana zafi.

Hannuna ya gane. Kaina ne har yanzu yake baya.

Talata, 30 ga Satumba

Na sake komawa, ban san dalili ba. Na lura duk 'yan matan layi suke yi wa sanda ɗaya. Akwai wasu biyu na mata a jingine, tsatsa ta kame musu kai. Na ce wa Koci ta ba ni ɗaya in duba. Ta dube ni sama da ƙasa. Ban ga laifinta ba.

Ta ce, "Ba walda."

Na ce ba walda.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na cire wani zobe a ƙarshen, na ja bututun, sai wasu 'yan ƙarafa kamar allurai suka zubo suka watse a ƙasan shago. Ni boris mai ƙwallo na sani. Wannan kuma allurai ne. Ni da Mai Faci muka yi ta rarrafe da maganaɗisu. Ya ce, "Injiniya, rabona da in gan ka a durƙushe haka tun ranar da haƙori ya kama ka." Ban yi dariya ba, sai daga baya.

Ban san ko duka muka tsinto ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na wanke, na goge tsatsar, na cika ta da giris mai kauri irin na babbar mota, na mayar. Koci ta buga da yatsa. Ya yi rabin zagaye ya tsaya kamar mai jin barci. Wai giris ya yi yawa, ɗan mai marar kauri ake sawa, ɗigo kaɗan.

A sanina, abin da ke juyawa ba ya ƙin giris. A wannan ɗakin duk abin da na sani a kife yake.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ta juya. Ba kamar waccan ba, amma ta juya. Wata doguwar yarinya ta gwada ta ce, "Baba, ta yi." Na karɓo ta biyun.

Auta ba ta san ina zuwa can ba. Ko ta sani. A gidan nan ni ne kullum na ƙarshen sani, ba mamaki ni ne kuma na ƙarshen iya ɓoyewa.

Litinin, 13 ga Oktoba

Auta ba ta cin abinci sosai. Ta rame a fuska. Tana rubutun makaranta da hagu, kamar tafiyar kaza. Yau na shiga ɗakinta na tsaya kamar baƙo, na tambayi hannu. Ta ce da sauƙi. Sai ta ce, ba ta kalle ni ba, "Na bar shi ma, Baba. In an cire filastar ba zan koma ba. Hankalinka ya kwanta."

Abin da na nema kenan tun farko. Kalma da kalma. To me ya sa na fito na zauna a kan babur na kasa tayar da shi?

Laraba, 15 ga Oktoba

Na gaya wa Koci. Ta ce ba hannun ne ke cin yarinyar ba, zaman ne. Ƙafafunta lafiya suke, bayanta lafiya, amma ba za ta iya kai hannu baya ta riƙe sanda ba. Sai ta nuna mini hoto a waya. Wata sandar kuma! Wannan tana da abu kamar karkiya da ke zama a kafaɗa, da mariƙi biyu a gaba, ƙarshenta kuma ya sauko ƙasa ya ɗan karkata. Wai tana zama a wuya da kanta ko ba a riƙe ba. Ba su da ita.

Na ce kanta yana juyawa?

Ta ce, "Wannan ba ta buƙata."

Na sa ta maimaita.

Talata, 21 ga Oktoba

Na kama ƙera ta a shago. Ta farko ba ta yi ba. Na ɗora a wuya, ta nemi kifa ni ta gaba, da ƙyar Mai Faci ya tare. Na karkatar da ƙarshen da yawa. Na yanke na sake. Ta biyu kuma baya take ja. Hoton nan na kalle shi har idona ya yi ruwa, ba ya faɗin komai.

Wannan karon ba na son kowa ya ce mini ta yi kyau. Na kai wa Koci ta gwada da kanta, da nauyi, ba sau ɗaya ba. Ta ce a rage nan, a ƙara can. Na rage, na ƙara.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ta uku ta zauna. Mai gyaran kujeru ya naɗe mini karkiyar da soso da leda. Koci ta tsuguna da ita hannuwanta a sake, ta tashi, ta ce, "Yanzu kam."

Na dawo gida na tarar da Auta tana shanya da hannu ɗaya. Na ce akwai wani aiki da na yi, ina son wanda zai gwada mini. Ta ce wane iri. Na ce sanda. Ta daina shanyar.

"Tana ina?"

Na ce tana can.

"Can ina, Baba?"

Na ce can wurinku mana, ai maɗorin yana can, ba zan iya kinkimo shi gida ba. Ta yi ta kallona. Mamarta tana bakin famfo, ruwa ya cika bokiti yana zuba ba ta kashe ba.

Ban ce na yarda ba. Ba wanda ya tambaye ni ma. Takalmanta kawai ta shiga ta ɗauko.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Tana ci. Jiya har ƙari ta nema.

Litinin, 17 ga Nuwamba

An cire filastar. Hannun ya fito siriri, fari, kamar ba nata ba. Likita ya ce ƙashin ya haɗe amma a bi a hankali. Koci ta ba ta wata sanda da ban taɓa lura da ita ba, ta alminiyam, marar nauyi, wadda ake fara koya wa sababbi. Auta ta kai ta saman kai, hannun yana karkarwa. Ta ajiye ta fita bayan ɗakin. Ban bi ta ba. Ban san ko ana bi ba.

Sanda nawa ne a duniyar nan? Duk wanda ka gani da tasa.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Koci ta ce Auta ba za ta shiga zaɓen ba. Auta ta roƙe ta, ta ce ƙafafunta sun fi da ƙarfi, a bar ta ko da ƙaramin nauyi ne. Koci ta ce a'a.

Da suka watse na tsaya. Na ce, Koci, yarinyar nan ta sha wahala, ki bar ta ta gwada mana.

Ta dube ni, ba da faɗa ba. "Baban Auta, rannan ma gwadawa aka ce ta yi."

Na ɗauki hulata.

Asabar, 29 ga Nuwamba

An yi zaɓen. Auta ta ce za ta je ta taya sa wa ƙawayenta faya-fayai. Ni ma na je, saboda sandunan da na gyara, kada wata ta ba da kunya a gaban baƙi.

An cika. Alƙalai uku a kan kujeru, iyaye a jikin bango. Har yanzu ban san me ya sa wani ɗagawar ake karɓa wani a ƙi ba. Wata ta kai sama sarai aka ce ba ta yi ba, wai gwiwar hannunta ta ɗan lanƙwasa. Doguwar nan ta ci, da wata mai shiru-shiru. Auta ce ta fara rungume su. Na ga nauyin da ta biyun ta ci da shi. Na tambayi Koci a hankali ko Auta tana ɗaga wannan kafin... Ta ce, "Da shi take fara ɗuma jiki."

Da ban tambaya ba.

A hanyar gida Auta tana bayana a babur. Mun kusa kwanar gidanmu na ji goshinta a bayana, rigata tana jiƙewa. Na wuce kwanar. Na yi ta tafiya, muka zagaya ta bayan kasuwa, ta gadar, ta wajen masu katako. Da na ji ta ɗago na ce, "Ni na ja miki."

Ta ce, "Na san ba ta juyawa, Baba. Na ɗaga."

Na ce don na ce ki ɗaga ne.

Ta ja hanci. Can ta ce, "Mai ya kusa ƙarewa, ka duba."

Da gaskiyarta. Da turi muka ƙarasa gida.

Laraba, 10 ga Disamba

Mai Faci ya ce yanzu tunda abin ya wuce sai ta huta, ni ma in huta. Na ce wa ya ce masa ya wuce, ai akwai wani badi. Ya ce, "Au." Ya ci gaba da buga tayarsa yana murmushi. Ban san me ya gani na murmushi ba.

Asabar, 24 ga Janairu

Na jima ban rubuta ba. Aiki.

Wani ya zo jiya yana son in kafa masa ƙofa yau da safe. Na ce ba na buɗewa safiyar Asabar. Ya ce tun yaushe. Na ce ya dawo Litinin.

Kai Auta ɗakin wasannin kawai nake yi, tunda hanyar babu motar haya sosai. In na kai ta kuma komowa ɓata mai ne, sai in zauna a bencin baya. Har yanzu in aka jera mini ta maza da ta masu ɗagawa a hankali sai na taɓa kafin in bambance, wani lokacin ma in kuskure.

Yau Koci ta ce Auta ta koma kan sandar kilo sha biyar ɗin, da nauyi na gaske, fizga. Karo na farko tun ranar nan. Na yi niyyar fita in duba babur. Ta shafa hoda, ta sunkuya, ta daɗe a sunkuye. Ta fizga, ta faɗa ƙarƙashi, sandar ta tsaya a sama tana rawa, hannun dama yana son ya ba da kai. Wani a ɗakin ya yi ta ihu, "Riƙe! Riƙe ta! Tashi, Auta, tashi!" Ta tashi.

Da ta yar da sandar duk suka juyo suna kallon bencin baya, har Koci. Ban san me suke kallo ba.

Mamarta ta tambaye ni me ya sami muryata ta dushe haka. Na ce hayaƙin walda ne. Ta ce, "Yau da ba ka buɗe shago ba?"

Na ce ta miƙo mini ruwa.